Ƙofar Baƙin Ruwa

Litinin, 14 ga Mayu, 1984, da la'asar

Na iso Tungar Dudu tun azahar. Maigidana Yusha'u ya kawo ni a kan babur daga Yelwa, ya sha ruwa, ya gaida Baba, ya juya, don gobe yana da aiki a ofishin gona. Na baro keken ɗinkina a lulluɓe, yadukan Sallar mutane jibge a kansa. Na ce musu mako guda zan yi. Ko ni ban yarda da maganar ba.

Baba ya rame. Wai shi rigar ce ta buɗe. Ni da na ɗinka rigar na san ba ta buɗe ba.

Ɗakin Inna yana nan yadda aka bar shi bayan sadakar arba'in. Daga waje ina hango kwandonta a rataye, na kuma san 'yar fartanyarta na bayan ƙofa. Na ajiye kayana a rumfa, na ce wa Baba ɗakin zafi gare shi.

Bari in rubuta abin da ya kawo ni, ko na samu ya sauka daga ƙirjina. Yayana Jabiru ya matsa sai Baba ya tashi ya koma Yelwa wurinmu, tunda babu mai dafa masa, ga ciwon gwiwa. Baba ya ƙi, ya ƙi, har ranar arba'in ya gaji ya faɗa a gaban mutane: in dawar bana ta tsaya, a ƙyale shi da gonarsa; in ba ta tsaya ba, shi da ƙafarsa zai hau mota. Duk ƙasar Ngaski an san Babanmu Mainasara ba ya magana biyu. To dawa ba ta tsayawa a gonar nan sai an buɗe wa baƙin ruwa, kuma mai buɗewar ba ta nan. Ni ce 'yarta.

Talata, 15 ga Mayu, da hantsi

Mun je gona da Baba, yana dogara sanda yana yi mini faɗa wai ina tafiya kamar matar birni.

Ƙofar tana nan. Ƙofa muke ce mata, amma duwatsu ne kawai aka jera aka liƙe da laka a bakin kwarin da ya sauko daga dutse. Duk damina a rufe take, ruwan dutse ya bi gefe ya faɗa rafi. Sau ɗaya tak ake buɗe ta, ranar ruwan farko mai ƙarfi. Ran nan ruwa kan wanko ruɓaɓɓen ganyen kurmin da ke saman dutse, ya sauko da shi baƙi wuluk, ya malale gonar. Da ya fara washewa sai a mayar da duwatsu. Shi ke nan takin shekara. Kuma mace ke buɗewa. Na taɓa tambayar dalili, Inna ta ce namiji kafin ya nemo hularsa ruwan ya wuce.

Ba al'adarmu ba ce tun asali. Mu mutanen bakin kogi ne. Ina yarinya tafki ya cinye garinmu, aka kwaso mu a mota aka zube mu a nan, aka nuna wa Baba jangargari aka ce ga gonarka. Mutumin da ya saba kogi ya hau ya sauka ya bar masa baƙar laka kyauta! Damina biyu muka noma kara ba zangarniya. Gwaggo Talatu, wadda mutanenta ke gindin dutsen nan tun kaka da kakanni, ita ta ja Inna gefe ta nuna mata. Ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, da Hausa suka haɗu, amma daga ranar in ka ga ɗaya ka ga ɗaya.

Ina tuna ruwan farkon da aka buɗe. Inna ta ɗaure zane a ƙugu, ta fita a guje da fartanya, ni da Jabiru muna bin ta tsirara rabi. Ƙanshin ne ba na mantawa, kamar an buɗe tsohuwar randa. Baba ya tsaya a cikin gona ruwan na bi ta kan ƙafafunsa, ya ɗebo a hannu ya shinshina, ya yi dariya. Tun tashinmu ban ga haƙoransa ba sai ran nan.

Yau ya taɓa duwatsun da sanda, ya ce laka ta tsage, in gyara. Na gyara.

Laraba, 16 ga Mayu, da yamma

Ba ruwa. Bara war haka an yi noman fari.

Juma'a, 18 ga Mayu, bayan sallar asuba

Jiya Baba ya yi binne. Na ce ya jira ruwa ya sauka tukuna, ya ce wanda ya jira ruwa a shekara irin wannan, ruwa ya zo ya tarar da shi yana saran rami. Shi ke sara, ni ke zuba iri ina takewa, ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa.

Irin na Inna ne. Zangarniyar da ta zaɓa da hannunta da kaka, ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwaro. Na ce mu rage ko ƙwarya guda, Baba ya yi kamar bai ji ba. Mun zuba shi duka. Yanzu duk abin da ya rage na hannunta a ƙarƙashin ƙasa yake.

Ban so rubuta wannan layin ba, amma na riga na rubuta.

Asabar, 19 ga Mayu, da azahar

Ba ruwa. Awaki na cin takarda. Na ɓoye littafin nan a cikin tukunya.

Lahadi, 20 ga Mayu, da la'asar

Gwaggo Talatu ta biyo daga coci, da ɗankwalinta na Lahadi. Ta kawo mini daddawa. Ta zauna a inda take zama, ta bar wurin Inna da ke kusa da ita, ni ma ban zauna a wurin ba. Mun yi hirar komai: tsadar gishiri, jikarta da ta ƙi makaranta, wai na yi ƙiba gidan miji. Na ce ai ita ce ta tsufa idonta ke ninka mutane. Ta ce bakina na uwata ne, ta yi dariya, sai kuma ta goge ido da bakin zane.

Da za ta tafi na tambaye ta yaushe take ganin za a buɗe. Ta daɗe tana gyara ɗankwali.

"Barakatu, kin hau bisa?"

Na ce ban hau ba.

"Hau ki gani da idonki. Mu dai bana ba mu buɗe tamu."

Masu abin da kansu ke nan. Na bi ta da ido har ta sha kwana.

Litinin, 21 ga Mayu, da hantsi

Na hau.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Ɗazu na kasa rubuta fiye da haka.

Da can in ka shiga kurmin nan sai ka ji sanyi ya taɓa ka, ko da tsakar bazara. Ƙirya, marke, ɗorawa, maɗaci, sun haɗe sama, rana sai ta leƙo. Ƙafa kan nutse cikin ganye har idon sawu, in ka tona ƙasan sai ka tarar da danshi, baƙi, da tana da ƙananan ƙwari suna ta hidimarsu. Inna kan ce nan ne kicin ɗin gona, nan ake dafa mata tuwo duk rani, ruwa kuwa ɗan aike ne kawai. Ta hana mu ɗebo ko ƙirare daga can. Jabiru ya taɓa shan duka a kan reshe ɗaya.

Yau na tarar da rana a zaune tsakiyar kurmi. Kututture ko'ina, wasu saran ya daɗe, wasu har yanzu da ja. Inda bishiya ta rage, ganyen da ta zubar ya bushe ƙayau, bai ruɓe ba, in ka taka sai ya karye kamar ƙanzo. Wani gefen wuta ta ci. Na tona da yatsa, na tona da tsinke, ja ne har ƙasa. Ko tana ɗaya ban gani ba.

Ta bayan dutse akwai hanyar mota da ba ta nan a da. Kowa ya san inda itace ke zuwa: bakin tafki, wurin masu bandar kifi. Na sauko ta gidan Gwaggo Talatu, na tambaye ta su wa. Ta ce mutane da yawa, yunwa ba ta bar kowa ba, har 'ya'yanta sun sara. Na ce wa ya fara kawo mota. Ta ce wanda ya san hanya, tunda nan ya girma. Na ce yaushe. Ta ce watannin da ƙawarta Inna ke kwance asibiti.

Ban taɓa tambayar inda maganin ke fitowa ba. Jabiru na kawowa, ina ba ta.

Baba ya tambaye ni yaya kurmi. Na ce yana nan.

Laraba, 23 ga Mayu, da safe

Jabiru ya aiko da banda kwando guda, manyan karfasa. Na yi wa Baba miya, ya ci ya sa albarka. Ni na ce cikina ba daɗi.

Alhamis, 24 ga Mayu, da yamma

Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashe mana asabari, har na ɗaure zane. Ya wuce wajen Shanga. Ba ruwa. Abin kunya, daɗi na ji.

Asabar, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Yusha'u ya zo. Na sa shi ya hau dutse da takalminsa na ofis, ya sauko yana haki, bai ko tsokane ni ba, abin da ya nuna mini lamarin ya kai.

Ya zaunar da ni a inuwar gawo, ya yi mini karatu. Ni da kan ce masa ya bar lacca a ofis, yau na saurara. Ya ce abin da ke cikin farin takin zamani, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, sunansa naitirojin, kuma shi ɗin ne dai baƙin ruwa ke saukowa da shi. Iskar da muke shaƙa cike take da shi, amma dawa ba ta iya ci daga iska. Sai wasu bishiyoyi irin su gawo, masu 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa kamar na gyaɗa, su ke kamo shi. Ya hau ganye, ganye ya faɗo, danshi ya jiƙa shi, ƙwayoyin da ido ba ya gani su cinye shi su saki abincin cikin ƙasa, saiwa ta sake ɗauka. Haka abin ke zagayawa, rarar da ta zubo ce ke zuwa mana. Amma in damina ta gajarce shekara bayan shekara, zafi ya ƙaru, inuwa ta tafi, ganye ba ya ruɓewa. Sai akuya ta ci, ko wuta, ko iska ta kwashe. Ko ba a sare ko ɗaya ba, in ji shi, kurmin ya fara gajiya tun farin da ya wuce. Ina jin don ni ya ƙara wannan.

Na ce to kicin ɗin Inna ne aka kashe wa wuta. Ya ce haka ne, amma ba shi ne abin tsoron ba. Ganyen nan da saiwoyin nan su ke riƙe ruwa ya sauko a hankali. Yanzu babu abin da zai riƙe shi, zai zo da yashi da tsakuwa. Ya ce kada a buɗe. Zai yi ta neman taki ko buhu ɗaya ne, duk da bana ko su na ofis ba su gan shi ba.

Ya je ya durƙusa ya gaya wa Baba, cikin ladabi, da kewaye-kewaye irin na suruki. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya yi albarka, karatu ya yi rana. Sannan ya tambaye shi lafiyar mutanen Yelwa. Yusha'u ya dube ni, na dubi ƙasa.

Da zai hau babur ya ce masu yadi sun fara zuwa gida. Na ce su zo.

Talata, 29 ga Mayu, da rana

Ba ruwa. Ban shiga ɗakin ba.

Juma'a, 1 ga Yuni, da hantsi

An ɗauki azumi. Da sahur na dama kunun tsamiya, bai yi ba. Nata kan yi kauri ba tare da ya yi gudaji ba, ban san yadda take yi ba, kullum ina cewa zan tsaya in koya. Baba ya shanye tas. Gara ma ya kushe.

Azumin farko da muka yi a garin nan, Gwaggo Talatu ce ke tsaya mana a kan tudu tana duban faɗuwar rana, don ba mu da ladan tukuna. Sai ta ƙwala wa Inna kira, Altine, ku sha ruwa! Ita da ba ta azumi ta fi mu matsuwa.

Kewa nake ji, kewa mai tsanani. Ba ta Inna kaɗai ba. Har da ta gidanmu na bakin kogi da ban ma iya tuna fasalinsa sosai, da ta Jabiru lokacin yana goya ni mu tsallake rafi.

Lahadi, 3 ga Yuni, da la'asar

Jabiru ya zo. Ya yi baƙi, idonsa ya faɗa. Ya yi ta ba Baba labarin ɗakin da ya gyara masa a gidanmu na Yelwa, an yi daɓen siminti, ga taga, ga masallaci kusa. Baba ya ce madalla, dawa dai ba ta ce komai ba tukuna.

Na raka shi bakin hanya. Na shirya magana tun Litinin waccan, na jera ta, na wasa ta. Ya ce, "Kin hau bisa, an ce." Na ce na hau. Ya tsaya yana jiran sauran. Sai na ga tsagar da ke goshinsa, ta ranar da ya faɗo daga ɗorawa garin tsinko mini, na ce ya gaida matarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ya yi nisa sannan ya juyo, kamar zai dawo. Bai dawo ba.

Talata, 5 ga Yuni, bayan azahar

Na gaya wa Baba. Ban faɗi suna ba, amma na faɗi sauran duka: kututture, jar ƙasa, hanyar mota, maganar Yusha'u, har da cewa su Gwaggo Talatu ba za su buɗe tasu ba. Na ce ƙarya na yi masa ran nan da na ce kurmi yana nan.

Yana gyaran ƙotar gatari, bai ɗago ba.

"Gwiwata ta mutu, ba kunnena ba. Duk rani ina nan zaune ina jin sara."

Na ce to Baba, tunda ka sani.

Ya ce su Talatu suna da fadama, in dutse ya hana su sai su gangara. Shi gonarsa ɗaya ce. In ba a buɗe ba, ya san abin da zai gani, ya gan shi damina biyu: dawa ta fito, ta yi rawaya, ta mutu a tsaye. In an buɗe, wataƙila akwai sauran abin da ya rage a can sama, ko a lungun duwatsu. Na ce takin Yusha'u fa. Ya ce in na gan shi in gaishe shi.

Na yi fushi, na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce sabo ne kawai, sabo kuwa turken wawa ne. Da maganar ta fita na so in kamo ta. Ya ajiye gatarin.

"Shekara nawa wanga ruwa shina zuwa, Innarki ba ta taɓa barin shi bakin ƙohwa ba. Bana ta hwarko da ba ta nan, shi zo shi iske an ruhe? In ba ki iyawa, hwaɗi. Ni tahi da sandata."

Zai tafi kuwa. Zai faɗa kwarin nan da gwiwarsa.

Laraba, 6 ga Yuni, da yamma

Zafi kamar a tanda. Tururuwa na kwasar ƙwai suna hawa bango. Gwaggo Talatu ta ce gobe ko jibi.

Juma'a, 8 ga Yuni, da safe

Jiya ne.

Bayan la'asar gabas ta haɗe, iska ta tsaya cik, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Baba ya miƙe yana laluben sanda. Na ce zauna. Na shiga ɗakin. Ƙanshinta na nan, man kaɗe da hayaƙi, amma ban tsaya ba, na ɗauko fartanyar a bayan ƙofa, na ɗaure zane a ƙugu, na fita a guje.

Ina gudun nan, wallahi, na ji daɗi. Ruwa na dukan fuskata, ƙasa na ƙanshi, na koma 'yar yarinya. Har na manta da Yusha'u da laccarsa.

Na tarar kwari ya fara kawowa. Na tsaya a kan ƙofar, fartanya a hannu. Ba wanda ke ganina. Da na so, sai in tsaya haka har ruwan ya wuce, in koma in ce duwatsu sun ƙi ciruwa. Na duba ruwan da ke taruwa a bayan duwatsun, sai na ga duhu-duhu gare shi, da 'yan ganye suna yawo. Na ce Baba ya yi gaskiya, akwai saura. Na sa fartanya.

Na farkon baƙi ne. Na rantse baƙi ne, ya shiga kunyoyin farko, har na ɗebo a hannu. Bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Sai na ji ƙara daga sama kamar mota na juye tsakuwa. Da na ɗaga kai, ja ne ke saukowa, ja jawur, da duwatsu a ciki suna gware.

Na yi ƙoƙarin mayar da ƙofar. Duk dutsen da na ajiye sai ya tafi da shi. Ɗaya ya buge ni a ƙauri na faɗi, Allah ya sa gefe na faɗa. Ina zaune a cikin taɓo ina kallo ya yi wa kansa hanya, ya faɗaɗa ta, ya bi ta kan binnen da muka yi.

Ashe Baba bai zauna ba. Yana can bakin gona, ba hula, ruwan na bi ta kan ƙafafunsa. Na ga ya sunkuya ya ɗebo a hannu, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya buɗe hannun.

Mun koma gida, aka kira magariba, muka sha ruwa.

Juma'ar dai, da azahar

Na je na gani. Yashi da tsakuwa har ƙauri, daga ƙofa zuwa kusa da gawo. Fartanyar na same ta a maƙale a saiwa, ba abin da ya same ta.

Lahadi, 10 ga Yuni, da yamma

Yusha'u ya zo ya duba ƙafata. Bai ce ai na faɗa ba. Da ya ce, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Gwaggo Talatu ta wanke mini ciwon da ruwan gishiri. Na ce mata ni na buɗe. Ta ce ta sani, ita ma da ƙawarta ce ta bar mata, da ta buɗe.

Alhamis, 14 ga Yuni, da hantsi

Dawa ta tsiro a gindin gawo, inda yashin bai kai ba. Ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Kore shar, kamar ba ta san abin da ya faru ba. Sauran gonar shiru. Baba kan je kullum da safe ya tona da sanda nan da can, ya dawo.

Asabar, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Jabiru ya zo, ya je gona shi kaɗai, ya daɗe. Da ya dawo ya durƙusa a gaban Baba, ya ce ya janye maganarsa. Baba ya zauna abinsa, zai kawo mutane a kwashe yashin, zai nemo iri, zai riƙa aiko da hatsi. Ni ma na sa baki, na ce ai ga dawa ta tsaya a gindin gawo, ba wanda zai ce Baba ya yi magana biyu. Ni da na zo don kada ya tashi, da shi da ya so ya tashi, yau bakinmu ɗaya.

Baba ya bar mu muka gama.

"Ba maganata ta tashe ni ba. Wancan karo ruwa yat tashe mu, nic ce ruwan gwamnati na, ba mu da laihi, na yi ta hushi shekara da shekaru. Wanga kuwa mu munka buɗe mishi da hannunmu. Wa za ni yi ma hushi?"

Jabiru ya buɗe baki zai ce wani abu. Baba ya ɗora masa hannu a ka, ya ce ya sani, kuma da shi ne a matsayinsa, da gatari biyu zai hau. Ya ce a kawo mota ranar Laraba.

Na shiga ɗakin Inna na rufe ƙofa. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar.

Laraba, 20 ga Yuni, da azahar

Kayan ba su cika bayan mota ba. Gindin gawo Baba ya bar wa Gwaggo Talatu, ya ce in dawar ta nuna ta zaɓi zangarniya ta rataye, kada irin Altine ya ɓace. Ta ce ba sai ya faɗa ba. Ta tsaya a kan tudun nan nata har muka daina ganinta.

Da muka zo inda ake hango tafki, Baba ya juya kai ya dubi ɗaya gefen.

Litinin, 25 ga Yuni, Yelwa, da yamma

Keken ɗinki tun safe. Masu yadi sun yafe mini, ko sun yi kamar sun yafe. Baba na cin abinci, yana zuwa masallaci, yana gode wa kowa. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Na ƙona tuwo shekaranjiya, ya ce ya yi daɗi.

Alhamis, 28 ga Yuni, bayan la'asar

An yi ruwa ɗazu. Na tashi rufe taga don kada yadi ya jiƙe, sai na hango shi.

A ƙofar gidanmu akwai lambatu da ke kwaso ruwan unguwa, baƙi ƙirin, da shara da toka da kashin awaki. Kullum ina ƙorafi a kansa. A cikin gida kuma, jikin katanga, akwai 'yan kuɓewar da Yusha'u ya shuka ya manta da su. Baba na tsugune a cikin ruwan sama, ba hula, gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ta lanƙwasu, yana sara 'yar hanya daga lambatun zuwa gindin kuɓewar. Da fartanyar Inna. Ban ma san ya sa ta cikin kaya ba.

Yusha'u ya ɗauko laima zai fita, na riƙe masa riga.

Ruwan ya bi hanyar, ya shiga. Baba ya ɗebo a hannu ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya ɗago ya gan ni a taga.

"Ke, tsaye kike? Kawo dutse, ya hwara washewa."

Na fita na kai masa.